Daga Gadon Asibiti Zuwa Bakin Aiki: Makomar Ma'aikacin Lantarki Bayan Mummunan Rauni

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu sana'ar lantarki

Gabatarwa

Duk inda masu sana'ar wuta suka taru, maganar rigakafi ce ke cin rabin zaman: safar hannu, hular kwano, bel ɗin hawa turke. Ba a cika tsayawa kan ranar da aka sallami wanda wuta ta ja daga asibiti ba. Ya tsira da rai, an yi masa barka, to da me zai ciyar da iyali? Matsayar wannan takarda ita ce, da yawa daga cikin waɗanda suka ji rauni za su iya komawa sana'arsu, muddin aka bi da su mataki-mataki, aka kuma daidaita aikin da jikin da ya rage musu.

Raunin wuta daban yake

Wutar gida bolt 230 ce, manyan layukan da ke kan turakun gari kuwa suna ɗauke da 11,000 ko 33,000. Idan irin wannan ta ratsa mutum, takan bar ɗan tabo inda ta shiga da inda ta fita, alhali a ciki nama da jijiyoyi sun ƙone. Shi ya sa wani sai bayan kwanaki likitoci ke yanke shawarar cire hannu. Mataccen naman yakan saki sinadarin da ke lahanta ƙoda, bugun zuciya ma yakan rikice. Ga kuma faɗowa daga tsani, wadda ke jawo karaya ko taɓuwar laka.

Akwai illolin da ba sa bayyana sai daga baya. Yanar ido na iya fitowa bayan watanni, yatsu su riƙa sagewa, mantuwa da rashin barci su shigo. Wani ya warke sarai a ido, amma da ya ji gurnanin taransifoma sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Abokan aiki su ce ya zama matsoraci, 'yan uwa su ce iska ce ta shafe shi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan firgici, kuma yana da magani.

Abin da doka ta tanada

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Ba a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni zai sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, wurin aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Dokar ta haɗa da kuɗin magani, da koyar da sana'a ga wanda ya nakasa, har da lalurar damuwa da aiki ya haddasa. Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Nakasa ta 2018 ita ma ta haramta nuna musu bambanci wajen ɗaukar aiki.

Sai dai wannan inuwa ma'aikacin kamfani irin KEDCO ta fi rufewa. Mai wayarin ɗin unguwa, da yaron da ke koyon aiki a hannun maigidansa, da mai ɗora sola a kan rufin kwano, galibinsu ba su da rajista a ko'ina. In tsautsayi ya faɗa, karo-karon dangi ne kawai.

Yadda komawar ya kamata ta kasance

Tun ana jinya ake fara shiri. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da masu gashi da masu haɗa hannu da ƙafar roba, kuma rahotonsu ne ya kamata ya faɗi abin da mutum zai iya: ƙarfin damƙa, tsayuwa a kan tsani, ganin launin waya. Wanda yatsunsa ba sa jin zafi ko motsi, haɗari ne a mayar da shi kan layi, komai ƙwarewarsa.

Sana'ar kuma ba hawa turke kaɗai ba ce. Akwai naɗin kwayil na injin da fanka, gyaran inbata da batir, haɗa allon rarraba wuta, sa mita, lissafin kayan gini, duba aikin da aka gama, da koyar da yara. Mutumin da ya shekara ashirin yana bin waya, kansa cike yake da ilimin da yanke hannu bai taɓa ba. Zai iya farawa da rabin yini a shago, daga nan ya fita aiki tare da abokin tafiya, a kan layin da aka kashe, aka kulle, aka gwada. A nan dole a tuna da abin da ke halaka ma'aikata a garuruwanmu: wani ya tayar da janareta ba tare da makunnin sauya layi ba, wuta ta koma kan wayar da ake zaton matacciya ce. Faifan sola ma, muddin akwai rana, yana ba da wuta.

Shawarwari

Na farko, ƙungiyoyin masu wayarin su buɗe asusun jinya, kowane mamba ya riƙa zuba wani abu duk wata, su kuma nemi zama da NSITF kan yi wa mambobinsu rajista. Na biyu, kamfanoni da 'yan kwangila su rubuta tsarin komawa aiki, a ware gurabe na ƙasa ga masu murmurewa. Na uku, hukumar NEMSA mai ba da shaidar ƙwarewa, da cibiyar horaswa ta NAPTIN, su buɗe wa waɗanda suka nakasa ƙofar zama masu duba aiki da malamai. Na huɗu, duk wanda babbar wuta ta ja, a ci gaba da kai shi gwajin ido da na jijiya bayan sallama, kuma kuɗin ya fito daga aljihun wanda ya sa shi aikin.