DOKA TUN TANA DAFTARI AKE MAGANARTA

Jawabin da kwamitin ƙungiya ya karanta a taron bayan kaka, gaban maigari da dattawa da ƴan ci-rani



Maigari, ranka ya daɗe. Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, ƴan'uwa da suka zo daga Yamai da Damagaram da Maraɗi, da waɗanda suka gangaro daga Agadas, muna yi wa kowa barka da zuwa. Muna fatan kun tarar da gida lafiya.

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Nan da ƴan kwanaki samari za su ɗaure kaya, kowa ya kama hanyar biɗa. Shi ya sa muka ce kafin a watse sai mun yi magana guda, maganar doka. Ba wadda aka riga aka buga wa hatimi muke nufi ba. Muna nufin wadda ake cikin rubutawa, ba a gama ba, wato abin da ake kira daftari.

Wani zai ce, ina ruwan talaka da abin da depite ke tattaunawa a Yamai? Mu ma da haka muka ɗauka. Wata doka ce ta gyara mana zama, kuma labarinta za mu ba ku daga tushe.

INDA ABIN YA FARO

Kowa a nan yana tune da watan Oktoba na 2013. Motoci biyu sun tashi daga Arlit cike da mutane, za su Aljeriya. Motocin suka mutu cikin hamada, ruwa ya ƙare. Da aka je nema, gawa 92 aka tarar: yara 52, mata 33, maza 7. Galibinsu mutanen yankin Kance ne, cikin jihar Damagaram. Hausawa ne irinmu, masu noman hatsi da wake irinmu, rashin abinci ne ya fitar da su. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana 3 a ƙasa duka.

Daga nan maganar hana jigilar mutane ta hamada ta yi ƙarfi. Ƙasashen Turai su ma suna ta matsa lamba, don dubban mutanen Afirka ta Yamma ta Agadas suke bi su shiga Libiya, daga can su hau kwalekwale su ƙetare teku. Aka zauna aka rubuta daftari, aka kai shi majalisar dokoki.

HANYAR DA DAFTARI KE BI

Bari mu tsaya nan kaɗan, don da yawa cikinmu ba a taɓa warware musu wannan ba. A tsarin mulkin 2010, daftari yana fitowa ta ƙofa biyu. Ko dai gwamnati ta rubuta shi, ministoci su amince a taronsu, a aika majalisa. Ko kuwa depite da kansu, ɗaya ko da yawa, su rubuta nasu su ajiye gaban ƴan'uwansu. Ko ta wace ƙofa ya shigo, sai an miƙa shi ga wani kwamitin majalisa. Kwamitin ya karanta shi aya bayan aya, ya kira ministan da abin ya shafa, yana kuma iya kiran ƙungiyoyi da masana ya ji ta bakinsu. A nan ake gyara, a cire wannan a ƙara wancan. Sannan a kawo shi babban zaure a yi mahawara, a jefa ƙuri'a. In ya wuce, shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 15, a buga shi a jaridar gwamnati. Daga ranar nan ya zama doka, jandarma da alƙali su hau aiki da ita.

Kun ga ke nan akwai lokacin da ƙasar gini ke da laushi, akwai lokacin da ta bushe. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wanda ya zo da zanensa bayan bango ya bushe, sai dai ya karya farce.

YADDA DOKAR TA ISO MU

A watan Mayu na 2015 majalisa, mai kujeru 113 a lokacin, ta amince da daftarin. Ran 26 ga watan shugaba Mahamadu Isufu ya sa hannu, ta zama doka mai lamba 2015-36. Ta ce duk wanda ya ƙetarar da baƙo iyaka ba bisa ƙa'ida ba don ya sami kuɗi, za a ɗaure shi shekara 5 zuwa 10, da tara daga miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. In laifin ya yi muni, ɗaurin yana iya kai shekara 30, tarar miliyan 30. Motar ma a ƙwace.

To, muna tambaya, a gaya mana gaskiya: wa ya ji labarin wannan daftari a garin nan kafin a jefa masa ƙuri'a? Wa ya ji an karanta shi da Hausa a ƙofar maigari? Mu dai ƴan kwamiti ba mu ji ba, alhali wasunmu suna zaune a Yamai, suna wuce ƙofar majalisa safe da yamma.

A watan Nuwamba na 2015 shugabannin Afirka da na Turai suka yi taro a Baleta, cikin tsibirin Malta, Turai ta yi alkawarin kuɗi ga ƙasashen da za su tare hanya. Cikin 2016 aka fara aiki da dokar gadan-gadan a Agadas. Aka kama direbobi, aka tara motoci a hannun hukuma, aka rufe gidajen saukar baƙi. A ranar ne muka san da ita. Ba direba kaɗai ya ji a jikinsa ba. Ɗan kamasho, da karen mota, da mai sayar da jarka, da mai gyaran taya, da mai tuwo a tasha, duk kasuwarsu ta faɗi. Cikinsu akwai ƴaƴanmu, waɗanda da kuɗinsu ake cika rumbu in damina ta yi gardama.

Kada a ce mun ce waɗanda suka rubuta dokar ba su da hujja. Wanda ya ji labarin yara 52 ba zai ce a naɗe hannu ba. Kuma akwai mugayen mutane cikin wannan sana'a, masu karɓar kuɗi su watsar da fasinja a daji. Amma akwai abin da duk direban hamada ya sani, wanda da an tambaye shi da ya faɗa kyauta. Da can motoci ran Litinin suke tashi daga Agadas cikin ayari, da rakiyar soja, su bi hanyar Dirku inda rijiyoyi suke. In mota ta lalace, ta baya za ta tarar da ita. Da aka hana, ba a daina tafiya ba. Masu baƙi sai suka bar ayari, suka bar rijiyoyin da aka sani don tsoron kamu, suka shiga hanyoyin da ba kowa. Kuɗin mota ya hau, haɗari ya ƙaru. A farkon watan Yuni na 2017 aka sami labarin mutum 44 da ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku, bayan motarsu ta mutu.

Da an ji wannan magana tun a ɗakin kwamiti, wataƙila da an ware mugu daga mai neman abinci. Wataƙila da an tanadi sana'ar da mutane za su koma tun kafin a karɓe musu makullin mota. Ba mu ce lalle da an saurare mu ba. Amma wanda bai buɗe baki ba, ba shi da ta cewa an ƙi jin sa.

AN SOKE TA, AMMA HAMADA BA TA SAKE BA

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, aka jingine tsarin mulki, aka rushe majalisa. Ran 25 ga Nuwamba na shekarar, Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu aka soke dokar 2015-36, aka kuma shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a kanta.

Samari, ku saurara da kyau, don mun ji wasu na cewa hanya ta buɗe. Doka aka soke, ba a haƙa rijiya ko ɗaya ba. Dokar Nijar aka soke, ba ta Aljeriya ko ta Libiya ba. Tun watan Disamba na 2014 Aljeriya ke maido ƴan Nijar cikin ayarin motoci. Baƙi na wasu ƙasashe kuwa a kan iyaka ake sauke su, su tako kilomita 15 a ƙasa kafin su kai Asamaka. Sannan dokar 2010 da ta hana fataucin mutane ba ita aka soke ba. Wanda ya kwashi ƴaƴan mutane ya kai su bara wata ƙasa don ya ci ribarsu, ya san da wa zai haɗu.

Kuma rubuta doka bai tsaya ba don majalisa ba ta zaune. A watan Janairu na 2025 wata ta fito a kan shigowar baƙi da zamansu a Nijar. Mu nawa ne a nan muka san abin da ke cikinta? Ga shi kuwa da yawa cikinmu na saukar da baƙi, abokan ciniki da dangi daga ƙetaren iyaka.

KO BA MAJALISA, ANA IYA MAGANA

Dattawanmu sun ga irin wannan zamani. A 1974, da Seyni Kunce ya hau, majalisa ta tashi, ba ta komo ba sai 1989. Shekara 15 ke nan, kuma duk tsawon lokacin ana fitar da dokoki. Majalisa takan tafi ta komo, amma daftari kullum akwai shi a kan teburin wani.

Mu ɗauki darasi wurin makiyaya. Ƙungiyoyinsu sun yi shekara da shekaru suna zama da hukuma a kan daftarin dokar kiwo, suna gardama a kan burtali da rijiya da makiyaya. Dokar ta fito ran 20 ga Mayu 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, lokacin ma ba majalisa. Ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Ba su sami duk abin da suka nema ba, amma sawun hannunsu na cikin takardar. Me ya ba su wannan? Sun haɗa kai, suna da masu karanta musu, kuma sun iso da wuri.

Akwai wani abu kuma da ke hannunmu. Da can in an ce doka, sai a ce ai da Faransanci take, wa zai iya? To, kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. A shekarar ne kuma aka kafa majalisar ba da shawara a Yamai. Saboda haka ba rashin kunya ba ne talaka ya ce a karanta masa daftari cikin harshen da yake ji.

ABIN DA KWAMITI KE KAWO GABANKU

Na ɗaya. Cikin ƴan ƙungiya mazauna Yamai a zaɓi mutum biyu masu karatun lakwal. Aikinsu su kasa kunne ga rediyo da sanarwar taron ministoci. Duk daftarin da ya taɓa tafiya, ko gona, ko kiwo, ko lanfo, ko kasuwa, su juya mana shi da Hausa, a buga a wannan takarda tamu.

Na biyu. In takarda ta iso, a karanta ta a ƙofar maigari ran kasuwa da la'asar. A kira mata su ma, don a maganar Aljeriya su ne suka fi mutuwa, su da goyonsu.

Na uku. Abin da gari ya yanke a rubuta shi a takarda guda, gajere, ba zagi ba habaici. Maigari ya miƙa wa sarkin kanto, kwamiti kuma ya kai wa duk wanda ke zaune da sunan yankinmu a Yamai. Mu riƙe kwafi a akwatin ƙungiya. In muna iya haɗa baki da ƙungiyoyin garuruwan da ke kewaye da mu, ya fi, don takardar gari goma ta fi ta gari ɗaya nauyi.

Na huɗu. Duk ranar da aka komo zaɓen depite, wanda ya zo neman ƙuri'armu mu karɓe shi da mutunci, mu shimfiɗa masa tabarma, sannan mu tambaye shi: wane daftari za ka kai da sunanmu? In an ajiye wani gabanku, za ka zo ka gaya mana kafin ka ɗaga hannu, ko sai bayan an gama? Atamfa da sukari da shayi suna ƙarewa cikin wata guda. Doka kuwa, kun gani, ta 2015 sai da ta shekara 8 a kanmu.

Na biyar, wannan na masu tafiya ne. Kada kowa ya fita ba katin shaida a aljihu. Kowa ya bar wa kwamiti sunan garin da ya nufa da lambar wayarsa. Kuma muna roƙon iyayenmu, kada a sake ba da yaro a tafi da shi arewa bara, ko wa ya zo neman sa, ko nawa ya yi alkawari.

Iyayenmu, mu yara ne a gabanku. In mun yi kuskure ku gyara mana, in kun ga abin da muka manta ku ƙara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku kuka koya mana wannan. Yanzu magana ta koma hannun maigari da dattawa. Bayan sun gama, sakatare zai karɓi sunayen waɗanda za a zaɓa a Yamai, ma'aji kuma yana nan ga masu bashin kuɗin wata.

Allah ya kai masu tafiya lafiya, ya maido su lafiya, ya ba mu damina mai albarka.