JIRGIN YAƘI A KAN TUDU



Mu mutanen karkarar Kano ba mu san teku ba. Iyakar saninmu kwalekwalen masunta a tafkin Tomas, can wajen Dambatta. To, yau za mu ba ku labarin wani jirgin ruwa na yaƙi da muka je muka gani. Irinsa ne mutanen da suke kira manuwa.

Jirgin nan yana Umuahia, babban birnin Jihar Abiya, a ƙasar Ibo. Can akwai gidan ajiye kayan yaƙi na ƙasa, wanda aka kafa a 1985. Kamar Gidan Makama na Kano yake, sai dai shi kayan yaƙi ne a cikinsa.

Sunan jirgin Bonny, sunan wani gari ne na bakin teku. A Ingila aka ƙera shi. Duk jikinsa ƙarfe ne. Umuahia ba ta bakin teku, saboda haka a kan tudu aka girke shi. Mun hau, mun taɓa shi da hannunmu. Mun ga inda matuƙi ke tsayawa. Gani ya kori ji.

Me ya sa aka ajiye tsohon jirgi, ba a sayar wa maƙera ba? Ga dalili. A watan Yuli na 1967 yaƙin basasa ya tashi a Nijeriya. Yankin Gabas ya ɓalle, ya kira kansa Biyafara. Sojojin ruwa na gwamnati suka tsare bakin teku da jirage irin wannan, kada makamai su shiga. Abinci kuma ya yanke. Manoma suka gudu suka bar gonakinsu. Yunwa ta kashe dubban dubbai, galibi yara ƙanana. Samarinmu na Arewa da yawa sun tafi, ba su komo ba. Sai a watan Janairu na 1970 wutar ta mutu. Janar Yakubu Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci.

A gidan nan an jera makaman ɓangarorin biyu wuri ɗaya. 'Yan makaranta na zuwa, suna kallo, suna tambaya. Don su aka ajiye jirgin, don su san abin da ya sami kakanninsu, kada su sake.

Mu ma nan gonakinmu a manne suke da juna. Faɗa kan iyakar gona, ko kan ɓarnar shanu, ƙaramin abu ne. Amma da ɗan tartsatsi rumbu ke ƙonewa. In gardama ta taso, mu kai ta gaban mai unguwa ko dagaci tun ba ta yi girma ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.