Numfashi Kafin Jarrabawa: Yoga, Natsuwa da Ɗalibanmu



Ɗan Bagwai da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko a Jami'ar Bayero, ba littafi kaɗai yake ɗauke da shi ba. Ya san buhun shinkafa nawa aka sayar daga noman ranin Watari kafin a biya masa kuɗin rajista, ya san ƙannensa sun zuba masa ido, ya kuma ga yadda yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wa yayyensa wata takwas. Jarrabawa na ƙaratowa sai barci ya ƙaurace masa. Ya kwana da goro da shayi mai kauri, ya shiga ɗakin jarrabawa gabansa na dukan uku-uku, abin da ya haddace jiya ya bi iska. A irin wannan dare ne wasu ke faɗawa hannun masu tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Maganata guda ce: akwai horon jiki da numfashi da ke sassauta wannan damuwa, ba ya cin ko kwabo, kuma ya kamata makarantunmu su koyar da shi.

Idan mutum ya firgita, jiki na sakin sinadaran da ke ƙara bugun zuciya, su ɗaure tsoka, su gajarta numfashi. Wannan shiri ne na gudu ko faɗa, ba na tuna darasi ba. Numfashi kuwa linzami ne da ke hannunmu: in aka ja shi a hankali, aka sake shi a tsawon da ya fi na ja, kamar sau shida a minti, sai zuciya ta lafa. Likita Herbert Benson na Jami'ar Harvard ya yi littafi a kan haka a 1975. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara horon mako takwas a Jami'ar Massachusetts, wanda ya haɗa miƙe gaɓɓai irin na yoga da zaman tattara hankali. A 2018 aka buga binciken Jami'ar Cambridge a kan ɗalibai 616, kuma waɗanda suka yi irin wannan horo sun fi sauran kwanciyar hankali a lokacin jarrabawa. Sai dai wani babban gwaji a makarantun sakandaren Birtaniya, da sakamakonsa ya fito a 2022, bai ga amfani ba, kuma yawancin yaran ba su riƙa yin horon a gida ba. Ke nan abu ne na sa kai, ba na dole ba.

Za a ce mini yoga ibadar Hindu ce, me ya haɗa Musulmi da ita? Tambaya ce mai nauyi, domin asalinta daga addinan Indiya yake, kuma a cikinta akwai kirari da ambaton da ba namu ba. Malaman wasu ƙasashe sun riga mu dubawa. Majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta ta a 2008, ta Indonesiya kuma a 2009 ta hana mai ɗauke da ibada, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasa a 2017. Ra'ayin Indonesiya ne ya fi kwanta mini: a bar musu kirarinsu, a ɗauki miƙa da numfashi, waɗanda ba mallakar kowa ba ne. Kafin a shigar da wani abu manhaja, a kai wa malamanmu su tace.

Wani kuma zai ce ai muna da salla da zikiri. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya karanta Ahlari ko Ishmawi ya san natsuwa farilla ce a salla. Amma ibada don Allah ake yi, ba don rage bugun zuciya ba, bai kamata mu mayar da ita ƙwayar magani ba. Horon numfashi ba kishiyarta ba ne. Hasali ma ɗalibin da ya iya zama minti goma hankalinsa bai tafi Kano ya dawo ba, shi ya fi kusa da samun kushu'i.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta talauci, kuma na yarda da ita: numfashi ba ya biyan kuɗin mota da ya ninka tun cire tallafin mai a 2023, ba ya cika ciki. Wanda kuma baƙin cikinsa ya yi mako da makonni, ko ya fara tunanin halaka kansa, likita yake buƙata, a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, ba tabarma ba.

Roƙona ga shugabannin makarantu da ƙungiyar ɗaliban Bagwai shi ne a ware wuri, maza daban mata daban, a nemi malamin motsa jiki da ma'aikacin lafiya, a fara mako takwas kafin jarrabawa mai zuwa, ga duk wanda ya so.