Yadda yaro zai yi shirin jarrabawar rubutu tun bai ga tambaya ba

Jawabi ga iyaye, maza da mata, masu zuwa ajin yaƙi da jahilci



Kowace shekara, idan damina ta kusa, ƴan lakwal suna zaman jarrabawa a Yamai da sauran jihohin Nijar. Yaron da ya gama shekara 6 a firamare yana zaman CFEPD, wadda mutane suke kira satifika. An daina yin ta wajen shekara 10, aka maido da ita a 2024. Wanda ya yi shekara 4 a kwalej yana zaman BEPC. Bayan shekara 3 a lise, sai BAC, wadda take buɗe ƙofar jami'a, kamar Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai.

A cikin jarrabawar nan akwai wata takarda da yara suke tsoro ƙwarai. Sunanta redaksiyon. Ma'anarta a ba yaro tambaya guda, shi kuma ya zauna ya rubuta magana mai tsawo daga kansa, da Faransanci. Lissafi yana da ƙa'ida, ana hardace ta. Tarihi yana da shekaru, ana hardace su. Amma tambayar redaksiyon tana zuwa a rufe cikin ambulan, ba a buɗe ta sai a gaban yara, ranar jarrabawa. Mushen da ya koyar da su duk shekara, shi ma bai san abin da ke ciki ba.

Shi ya sa uba yakan ce: abin da ba a gani ba, yaya za a yi shirinsa? Manomi ne ya fi kowa sanin amsa. Bai san ranar da ruwan shuka zai sauka ba, amma ba ya jira sai an yi ruwa kafin ya share gona ya gyara hauya.

Tambayar ce kawai a ɓoye. Irinta ba a ɓoye take ba. Sau da yawa ana cewa yaro ya ba da labarin wani abu da ya faru. Ko a ce ya kwatanta wani wuri ko wani mutum. Ko ya rubuta wasiƙa. Manyan yara kuma akan nemi su faɗi ra'ayinsu a kan wata magana, su kawo hujja. Kuma kusan kullum zancen yana fitowa ne daga zaman duniya da yaron ya sani: kasuwa, salla, biki, tafiya, ciwo, ruwa, gona, zaman maƙwabta.

Ga misali. A ce an tambaya: «An yi ambaliya a unguwarku. Ba da labarin yadda abin ya faru, da yadda mutane suka taimaki juna.» A watan Satumba na 2020 ruwan kogi ya fasa katangar ƙasa da ke tare shi a Yamai, ya shiga Lamorde da wasu unguwannin hayin kogi. Gidaje suka rushe, aka kwashe mutane zuwa makarantu. Yaron da ya ga wannan da idonsa yana da abin rubutawa fiye da takardar da za a ba shi. Ya ga masu kwalekwale suna kwasar tsofaffi. Ya ga mata da tukwane a ka. Ya ji kukan awaki cikin dare. Amma idan bai taɓa zama ya jera labarin da bakinsa ba, ranar jarrabawa zai rubuta layi biyar ya tsaya yana cizon bik.

A nan ne aikin iyaye yake, kuma ba ya bukatar Faransanci ko kaɗan. Idan an aiki yaro kasuwar Katako ko Wadata, da ya dawo kada a karɓi canji kawai a sallame shi. A ce ya faɗi abin da ya gani. Me ya fara faruwa? Daga nan sai me? Yaya aka ƙare? Idan ya ce «kasuwa ta cika», a tambaye shi: da su wa ta cika? Me suke sayarwa? Nawa tiyar hatsi yau? Idan ya tsallake tsakiyar labari ya faɗa ƙarshe, a maido shi baya. Tsohuwar da take yi wa jikoki tatsuniya da dare ta daɗe da sanin wannan aiki, don ba ta taɓa kashe kura tun gizo bai fito daga gida ba. Yaron da ya iya jera magana da Hausa ko da Zabarmanci ya yi rabin aiki. Sauran rabin, wato kalmomin Faransanci da rubuta su daidai, na mushe ne da na yaron.

Da yawa daga ƴaƴan mutanen karkara suna karatu a Yamai, a gidan kawu ko gwaggo, a Bukoki ko Talaje ko Harobanda. Yanzu akwai salula, ana gaisawa a minti ɗaya. Duk da haka a ce yaro ya riƙa rubuto wasiƙa sau ɗaya a wata, ya ba direban da ke zuwa gari ranar kasuwa. Ya rubuta da Hausa, uwa ko uba su karanta da kansu, tun da yanzu sun iya. Su kuma su mayar da amsa, su tambaye shi abin da bai bayyana sosai ba. Wasiƙa tara a shekarar karatu ba ƙaramin horo ba ne. Ga shi kuma mai karatun yaƙi da jahilci ya sami abin karantawa wanda ya fi littafin aji daɗi.

Yaro kuma ya yi wa kansa rumbu. Ya sami ɗan littafin rubutu, ya ware shafi ga kowane zance: shafin ruwa, shafin kasuwa, shafin asibiti, shafin gona. Duk kalmar Faransanci da ya tsinta a aji, ko a rediyon Muryar Sahel, ko a tsohuwar jarida, ya zuba ta a shafinta. Ya ƙara da abin da ya tabbata na ƙasarsa. Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma a ranar ce ake dasa itatuwa kowace shekara. An buɗe gadar Kenedi a 1970. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Ranar lahadi ya je gidan tarihi na Bubu Hama, ya dubi namun daji da masu sana'ar hannu, ya dawo ya kwatanta maƙeri guda a rubuce. Sau ɗaya a mako ya ba kansa tambaya, ya duba agogo, ya rubuta, ya kai wa mushe ya gyara.

Duk wannan yana son lokaci. Yarinyar da take gidan riƙo, tana ɗebo ruwa da asuba, tana wanke-wanke har isha, ba ta da shi. Ya kamata uba ya je Yamai da kansa, ko ya aika da magana mai daɗi ga mai gidan, a rage mata aiki wata biyu kafin jarrabawa. Idan ta faɗi, ba safai ake ba ta shekara ta biyu ba kamar yadda ake ba namiji.

Akwai hanya biyu da suke jefa yara rami. Ta farko hadda. Yaro ya hardace rubutun wani a kan bikin salla, ranar jarrabawa a tambayi zancen asibiti, shi kuwa ya juye sallarsa a takarda. Mai gyara yana ba da maki bisa 20. Rubutun da ya bar tambaya, komai kyansa, ba ya kai 10. Ta biyu ta fi muni. Idan jarrabawa ta kusa, wasu sukan zo su ce suna da tambayoyin bana, ko su turo su ta WhatsApp, a biya. Yawanci ƙarya ce, an ci kuɗin akuya a banza. In ma gaskiya ce, yaron da aka kama ana fitar da shi daga ɗakin, shekararsa ta tafi, kuma maganar tana iya kaiwa gaban alƙali.

Ranar jarrabawa yaro ya karya kumallo, ya ɗauki bik biyu da katinsa, ya isa da wuri. Idan an ba da tambaya, kada ya yi gaggawa don ya ga na kusa da shi ya fara. Ya karanta ta sau uku. Ya ja layi a ƙarƙashin abin da aka ce ya yi. A misalin ambaliyar nan abu biyu aka nema: yadda ruwa ya zo, da yadda aka taimaki juna. Wanda ya cika shafi biyu da zancen ruwa ya manta da taimako ya amsa rabi kawai. Ana ba da takardar gwaji. A kanta zai jera abin da zai faɗa a taƙaice: mafari, tsakiya, ƙarshe. Sannan ya rubuta a takardar gaske, da gajerun jimloli da kalmomin da ya tabbata ya iya. Idan an ba da tambaya biyu a zaɓi ɗaya, ya ɗauki wadda yake da abin faɗa a kanta, ko da ɗayar ta fi kama da ta manya.

Ya bar minti 10 a ƙarshe don ya sake karanta abin da ya rubuta. Ana rufe sunan yaro kafin takarda ta isa hannun mai gyara, saboda haka mai gyara bai san ɗan wane ne ba, ko ɗan minista ne ko ɗan manomi daga Dogon Dutsi. Rubutun kawai yake gani, kuma yana da tarin takardu a gabansa. Hannu mai tsabta da yake karantuwa ba wahala yana sa ya bi maganar yaron har ƙarshe.