Kada A Tauye Wa 'Ya'yanmu Mudun Ilimi

Iyayenmu malamai, dattawa, iyaye mata da matasa, mutanen Gadarif, Gallabat, Kasala, Damazin da Mai Wurno, da ku da kuke neman abinci a nan Suk al-Arabi da kasuwannin Umdurman, muna gaishe ku da gajiya.

Maganarmu ta yau a kan makaranta ce. Duk wanda ya taɓa kai riɗi ko dawa kasuwar Gadarif ya san cewa ciniki ba ya yin kyau sai ma'auni ya cika. In aka tauye mudu, buhunan za su yi yawa a ƙirga, amma hatsin bai ƙaru ba. Abin da aka yi wa karatun 'ya'yanmu ke nan tsakanin 1990 da 2010.

Ku tuna yadda abin yake a da. Yaro yana yin shekara 12 kafin ya zauna jarrabawar Shahada Sudaniyya. Ko da gwamnatin Numeri ta sauya tsari a 1970, daga 4-4-4 zuwa 6-3-3, ba ta rage ko shekara ɗaya ba. Amma bayan taron ilimi na 1990, gwamnatin Inƙaz ta soke makarantar mutawassiɗa, ta kawo shekara 8 ta asas da shekara 3 ta sanawi. Jimla 11 ke nan. An ɗauke wa kowane yaro shekara guda cur, aka kuma haɗa ɗan shekara 6 da saurayi ɗan shekara 14 a fili ɗaya. Ku iyaye mata kun fi kowa sanin damuwar da ke cikin wannan.

Sai maganar jami'o'i. A 1989 jami'o'in ƙasar nan ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba. Yau na gwamnati kaɗai sun haura 20. Ba ma ƙin a buɗe jami'a a Gadarif ko Kasala ko Sinnar ko Damazin, domin 'ya'yanmu ne suke shiga. Ba ma kuma ƙin karatu da Larabci, harshen addininmu ne. Tambayarmu ita ce: da aka kafa allo a bakin ƙofa, an kawo malamai? An kawo littattafai da kayan gwaji? An juya karatun jami'a daga Turanci zuwa Larabci cikin gaggawa, kafin a gama fassara littattafan likitanci da injiniya. Bakht al-Ruda, wadda tun 1934 take horar da malamai da tsara darussa kusa da Duwem, an mayar da ita jami'a kamar sauran. Albashin malamin asas kuwa aka jibga wa wilayoyi da mahalliyyoyi, mafi yawansu ba su da kuɗi. Malamin da ya yi watanni bai ga albashi ba, da wane ƙarfi zai tsaya gaban yara cike da aji?

Kowace shekara ana fitowa a rediyo da talabijin a karanta mana yawan waɗanda suka ci jarrabawa, a yi ta guɗa. To, ku gwada da kanku. Ku ba yaron da ya gama asas wasiƙa ya karanta muku, ko ya lissafa muku kuɗin buhu goma. In ya iya, alhamdu lillahi. In bai iya ba, to, takardar da ke hannunsa ba ta faɗa muku gaskiya ba. Ku kuma zaga Suk al-Arabi ku tambayi samarin da ke sayar da katin waya da masu tuƙa raksha. Nawa ne a cikinsu ke da shahadar jami'a a gida? Sana'a ba abin kunya ba ce, amma ba don wannan uba ya sayar da akuyarsa ba.

Wasu za su ce sassauci jinƙai ne ga ɗan talaka, wanda ya tashi da Hausa a gida, ya zo ya tarar da Larabci a aji. Mu muna cewa ɗan talaka shi ne farkon wanda sassaucin ke cuta. Mai kuɗi yana da makarantar kuɗi da malamin darasi a gida. Shiga likitanci a Jami'ar Khartum na neman sama da kashi 90 cikin 100, amma in makin ɗan mai kuɗi ya gaza, akwai ƙofar ƙabul khas, inda ake biya a shiga da maki ƙasa da na sauran. Ɗan manomi fa? Ba shi da kawu a ofis, ba shi da kuɗin ƙabul khas. Makinsa shi ne gatansa. In maki ya rasa daraja, me ya rage masa? Yaran da suke haddace Alƙur'ani a khalwa tun suna ƙanana ba su rasa ƙwaƙwalwa ba. Malami suke bukata, da littafi, da benci.

Ga abin da jam'iyyarmu take nema. A mayar da shekarar da aka ɗauke, a dawo da mutawassiɗa. A biya malami albashinsa a kan lokaci daga baitulmalin ƙasa, kada a bar shi ga mahalliyya. Ma'aunin shiga jami'ar gwamnati ya zama ɗaya ga ɗan waziri da ɗan leburan gona. A cika abin da tsarin mulki na 2005 ya rubuta, cewa karatun farko tilas ne kuma kyauta ne, a daina koro yara gida saboda kuɗin alli da na jarrabawa. Tsarin mulkin nan ya kuma ce harsunan mutanen Sudan duka harsunan ƙasa ne. Saboda haka a sa malamai masu jin Hausa a ƙananan azuzuwan garuruwanmu, su riƙe hannun yaro har ya ƙware a Larabci.

'Yan'uwa, rabonmu da zaɓen jam'iyyu da yawa tun 1986. A wannan Afrilu na 2010 za a miƙa wa kowannenku takardun ƙuri'a 8, tun daga shugaban ƙasa da wali har majalisar wilaya. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, ku tambaye shi: a wace makaranta 'ya'yanka suke karatu? Ku fito da wuri, ku fito da matanku da samarinku, ku nemi alamar jam'iyyarmu da ke bayan wannan takarda.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da Sudan lafiya. Wassalamu alaikum.