Wa Zai Tsare Ran Magini?

Lacca da aka gabatar a Boɗinga a gaban magina, 'yan kwangila da jami'an ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari

 

An nemi in yi magana a kan yadda hukuma da ƙungiyoyin ma'aikata za su haɗa kai wajen horar da masu aikin gini da tilasta bin ƙa'idojin kare lafiyarsu. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Hukuma tana da iko, amma ba ta da ido a wurin gini. Ƙungiya tana da ido a kowane wurin gini, amma ba ta da iko. Muddin ikon nan da idon nan ba su haɗu ba, za mu ci gaba da zuwa jana'izar samari muna cewa tsautsayi ne.

Mu fara da mutanen da ake magana a kansu. Duk wanda ya biyo hanya daga Sakkwato zuwa nan, ya wuce Shagari ya nufi Tambuwal, ya ga yadda birni yake tahowa: gidajen mai, shaguna, makarantu, masallatai, har da benaye. Siminti kuwa ga shi nan kusa a Kalambaina. A 2024 aka ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry daga Illela, titin kankare mai tsawon sama da kilomita 1,000. To su wa ke ɗaukar kwanon sarki a ayyukan da ke kewaye da mu? Mafi yawa 'ya'yan manoma ne daga Sifawa da Danchadi da Dingyaɗi da ƙauyukan Shagari, waɗanda ke fitowa neman na cefane bayan an kai amfanin gona gida. Da safe ake ɗaukarsu, da yamma a sallame su. Ba takarda, ba rajista, wani lokaci mai ginin ko sunansu bai sani ba.

Abubuwan da ke kashe su ko nakasa su ba ɓoyayyu ba ne. Na farko faɗuwa daga sama, musamman ranar zuba dekin, lokacin da ake tsere da kwano a ka a kan katakan da aka ɗaure da gaggawa. Na biyu rushewa. Kankare yana bukatar kimanin kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfin da aka tsara masa, amma sai a zare katakan da ke tokare da shi da wuri domin ana jiransu a wani wurin aiki. Na uku ramin sokawe ko rijiya, inda ƙasa ke ruftawa da mutum, ko iskar da ke ƙasan ramin ta shaƙe shi, wanda ya shiga ceto ma ya bi shi. Na huɗu rodi ya taɓa wayar lantarki. Akwai kuma waɗanda ke ci a hankali: ɗanyen siminti yana ƙona fata, ƙurarsa da ta dutse tana lalata huhu, walda ba tabarau tana cin ido. Ga zafinmu na Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, ga mutum yana kwaɓa kankare da tsakar rana.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara saboda haɗari ko ciwon da suka samo a wurin aiki, kuma aikin gini yana sahun gaba wajen haɗari. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rushe, mutum fiye da 40 suka mutu, akasarinsu ma'aikata. A Agustan 2022 wani benen da ake ginawa a titin Beirut a Kano ya faɗo kan mutane. Waɗannan an ji labarinsu saboda girmansu. Shi kuwa leburan da ya faɗo daga katanga a ƙauye, aka kai shi wurin maɗori ko asibitin ƙashi na Wamakko, ba ya cikin lissafin kowa.

Malamanmu suna zaune, su ne shaida a kan abin da zan faɗa. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Wanda ya rage rodi don ya ƙara riba, ya sa yaro ya hau ruɓaɓɓen katako, ba shi da damar fakewa da cewa kwana ne ya ƙare. Fiƙihunmu na Malikiyya yana da babin ijara da na lamuni da na diyya. A ƙasar nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna, a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a garin nan na Boɗinga ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna, wanda ya yi rubutu mai yawa a kan nauyin talakawa da ke wuyan masu mulki. Tun kafin zuwan Turawa garuruwan Hausa suna da sarkin magina, wanda ya san kowane magini, yake kuma amsa tambayar sarki idan gini ya ɓaci. Ashe sa ido a kan sana'a ba baƙon abu ba ne a gare mu.

Yanzu mu duba abin da ke hannun hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 17, ya ce a kare lafiyar duk mai aiki, ya kuma sanya sha'anin ƙwadago a hannun gwamnatin tarayya. Dokar Masana'antu ta 1987 ita ce ta ba sufetocin ma'aikatar ƙwadago ikon bincike, sai dai da masana'anta a rai aka rubuta ta, kuma masana sun daɗe suna kukan cewa ba ta kama wurin gini yadda ya kamata ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar ƙwadago ta duniya kan kare lafiyar ma'aikata mai lamba 155 a 1994, da mai lamba 187 a 2022. Amma dokar da na fi so ku riƙe ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin jinyar wanda ya ji rauni da diyyar iyalan wanda ya rasu. Dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da ɗan koyo. Ta ce ma'aikacin da ya ji rauni ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7. Ina tambayar 'yan uwana birkiloli: mutum nawa ne a cikinku ya taɓa jin haka kafin yau?

A ɓangaren ma'aikata akwai NUCECFWW, ƙungiyar ma'aikatan gine-gine da katako da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC, akwai CCESSA ta manyan ma'aikata, kuma suna zama da FOCI ta masu kamfanoni su daidaita albashi da sharuɗɗan aiki. Tsari ne mai kyau, amma iyakarsa ƙofar babban kamfani. Wanda ya san yaron Danchadi da ke kwaɓa siminti shi ne shugaban ƙungiyar birkiloli ta gari, ita kuwa wannan ƙungiya babu mai kiranta teburin shawara.

Wasu ƙasashe sun gwada haɗin kan nan ya yi aiki. Ingila ta yi dokar kare lafiyar ma'aikata a 1974, a 1977 ta ba ƙungiyoyi damar naɗa wakilai masu ikon bincika wurin aiki. An gina dandalin wasannin Olamfik na Landan na 2012 ba tare da an rasa ran ma'aikaci ko ɗaya ba. Ƙatar, bayan suka mai zafi a kan mutuwar baƙin leburori, ta yarda a 2016 ƙungiyar magina ta duniya ta riƙa shiga binciken filayen gasar cin kofin duniya, a 2021 kuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. A gida ma Legas ta kafa hukumar kare lafiya ta jiha a 2011. Wannan ya nuna jiha ba sai ta naɗe hannu tana jiran Abuja ba.

Ga shawarata, abubuwa huɗu da ba su fi ƙarfinmu ba.

Na ɗaya, horo. Ƙungiyoyi su rubuta sunayen 'ya'yansu, ƙananan hukumomi su ba da wuri, a gayyato hukumar horar da ma'aikata ta ITF da malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. A yi shi da Hausa, a wurin gini na gaske, a lokacin da magini ba zai rasa kuɗin yininsa ba. Wanda ya kammala a ba shi kati mai hoto da hatimin hukuma da na ƙungiya.

Na biyu, sharaɗi a kwangila. Duk ajin makaranta ko asibiti ko kwalbati da ƙaramar hukuma za ta bayar, a rubuta kuɗin hular kwano da takalmi da safar hannu da ruwan sha a layinsu daban, kada a biya sai an gani da ido. Gwamnatin tarayya tana neman takardar shaidar NSITF kafin ta ba da kwangila, mu ma mu nema. Mai zaman kansa kuma da zai ɗora bene, a ɗaura masa sharaɗin a takardar izinin gini.

Na uku, wakili mai iko. A kowane babban wurin gini ƙungiya ta naɗa dattijon magini guda, wanda idan ya ce a dakata za a dakata har injiniyan hukuma ya zo, kuma a hukunta ɗan kwangilar da ya kore shi saboda haka. Wannan shi ne ginshiƙin maganar duka, domin lebura ba zai iya ce wa mai biyansa a'a ba, amma ƙungiya za ta iya. A watannin zafi wakilin nan ne zai tabbatar an fara aiki da sassafe, an huta da tsakar rana.

Na huɗu, littafin haɗari. Babban asibitin Boɗinga da ƙungiyoyi su riƙa rubuta duk wanda ya ji rauni a wurin gini: ina, yaushe, me ya jawo. Kowace shekara ranar 28 ga Afrilu, ranar da duniya ta keɓe don lafiyar ma'aikata, a karanta shi a gaban jama'a.

Na san abin da 'yan kwangila za su ce: kaya sun yi tsada. Gaskiya ne. Amma kuɗin hula da takalmi bai kai na jinyar karyewar baya ba, balle riƙon marayu. Ku ma shugabannin ƙungiyoyi akwai naku nauyin. Ƙungiyar da aikinta karɓar kuɗin kati kawai ba ta cancanci a ba ta iko ba. Idan ɗanku ne ya rage siminti, ko ya sayar da hular da aka ba shi, ku fara hukunta shi kafin hukuma ta ji. Ku kuma jami'ai, ranar da bincike ya zama hanyar karɓar na goro, ranar ya mutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu shi ne, kafin aikin rani mai zuwa ya kankama, su kira shugabannin magina da injiniyoyinsu da wakilin ma'aikatar ƙwadago su zauna, su fito da takarda guda mai ɗauke da abubuwan nan huɗu, da sunan wanda zai ɗauki nauyin kowanne. Iyayenmu hakimai su zama shaidu, malamai su kai maganar mumbari.

Allah Ya tsare masu neman halal da guminsu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amana.