Kafin a ce wa yaro ya wanke hannu

Ku tuna watan Maris na 2020, da korona ta sa aka rufe lakwal a duk faɗin Nijar, ba a sake buɗewa ba sai 1 ga Yuni. A Faransa yara suka koma karatu ta intanet. Mu fa? Ɗan CI da bai gama gane baƙaƙe ba, gidansu ba kuran, waya ɗaya ce kuma tana aljihun baba a kasuwa, wa zai koya masa?

Da aka dawo, aka ce a ba da tazara, a wanke hannu da sabulu. Magana mai kyau. Amma ina tazara a rumfar zana, yara a matse bisa tabarma? Ina wankin hannu ba fanfo?

Korona ta lafa, kwalara da sanƙarau kuwa suna nan. Roƙona gare ku, kowa ya leƙa lakwal ɗin unguwarsu, ya tambayi darakta da ƴan COGES: akwai ruwa? Akwai sabulu? Makewayi na aiki? Abin da muka gani mu kai wa magajin gari a rubuce, tun wata annoba ba ta iso ba.